Miyar da Muka Sha a Makokin Baffa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Baffa ya koma a tsakiyar kakar bara, lokacin da ko ɗaurin aure aka gayyace shi sai ya aika a ce yana nan tafe, don kada ya bar lambunsa wuni guda. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Da safe ya ce a kama shi a kai shi ya ga irin albasar da ya yafa, kafin a nemo mai babur rai ya yi halinsa. Shekara ta zagayo ke nan, kuma wanda ya bi ta ƙauyenmu yau, nan tsakanin Kura da Bunkure, ba zai ga alamar an taɓa yin lambu a wurin ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kafin jikokinsa su tashi suna tsammanin kakansu manomin tumatir ne kamar kowa.

Na iso daga Kumbotso, inda nake aure, ana fitowa da makara. Bayan an dawo daga maƙabarta maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mu mata muna ciki, amma katangarmu ba ta riƙe magana. Wani ya ce Malam mutum ne da ba ruwansa da kowa. Wani ya ɗora da cewa shi bai taɓa jin ya zargi ɗan'uwansa musulmi ba. Ina cikin kuka sai da na toshe baki da mayafi, domin Baffa ya zargi liman, ya zargi mai unguwa, ya zargi ma'aikacin da ke buɗe ƙofar kanal ɗin ban ruwa, akuya ma in ta gifta sai ya ambaci sunan mai ita ya ce aiko ta aka yi. Mamaci dai ba ya rasa kyakkyawar shaida, Allah Ya karɓi ta gaskiyar a ciki.

Akwai wani dillalin tumatir daga wajen Kadawa wanda Baffa ya taɓa kora da fartanya. Shi ya riga kowa zama, kuma kullum gwiwarsa na gogar ta Yaya, babban ɗan Baffa. Ta'aziyya ba ta buƙatar raɗa, amma shi raɗa ya wuni yana yi. Sai kuma Kawu, ƙanin Inna matar Baffa, wanda ya yi shekaru bai taka soron gidan ba. Ya shigo har ɗakin 'yar'uwarsa yana sharar hawaye da hannun riga, ya fi 'ya'yan mamacin kuka. Na dube shi na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Matan maƙwabta su ma sun yi ta shiga da fita, kowace da tambayarta a kan lambu: an gama roron wake kuwa, wa zai ci gaba da ban ruwa, ai kayan nan kada su lalace. Mutum ɗaya ce na yarda da kukanta, wata Kirista 'yar Filato da muke ce wa Mama, wadda ta rakuɓe a bakin ƙofa.

Kada mai karatu ya ce na cika zato. Na sani, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Amma Baffa yayan mahaifina ne, shi ya ɗauke ni ranar da aka binne ubana ina 'yar mitsitsiya, kuma a lambun nan na girma ina bin bayansa da kwando. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Tun da ruwan madatsar Tiga ya iso ƙasarmu mutane suka koma wa abu ɗaya. Da damina shinkafa, da rani tumatir ko alkama, ido ya miƙe har ya gaji bai ga wani abu daban ba. A tsakiyar wannan shimfiɗar sai ga wani ɗan kurmi da shingen zogale, shi ne lambun Baffa. Masara da wake yana hawanta, kuɓewa a gefen yakuwa, tattasai da attaruhu da yalo a fangali ɗaya, dankali na rarrafe a ƙasa, gyaɗa a inda ƙasar ta fi yashi, riɗi a bakin shinge, ga gwanda biyu da lemon tsami a wajen da ruwa ke shigowa. Baƙo in ya leƙa sai ya ɗauka iri ne ya zube wa wani a hanya. An sha ba shi shawara ya share wurin ya zuba tumatir kawai, mota ta zo ta kwasa ya huta. Amsarsa ɗaya ce:

"Ni da ban yarda da mutum ba, zan yarda da tumatir?"

Yakan ce in tsutsa ta ci wannan ta bar masa wancan, in kasuwar wannan ta faɗi ta wancan na tsaye. A shekarar da tsutsa ta cinye tumatirin mutane shi ma ta cinye nasa, bai fi kowa wayo ba, sai dai a gidanmu ba a fasa miya ba.

Masu shinkafa sukan yi girbi, su casa, su ɗinke buhu, su huta. Shi kakarsa ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Yau karyar masara, gobe roron wake, jibi a cire gyaɗa a kife ta ta sha rana. Ana cikin haka tattasai ya nuna sai an tsinke an shanya, kuɓewa ta yi yawa sai an yanka an busar, zoɓo ya isa ɓara, riɗi kuma in an yi sakaci da ɗaure shi a tsaye sai ya zube a ƙasa. A lokacin ne kuma ake yafa irin albasa da na tumatir don rani, a yi musu rumfar kara. In aiki ya fi ƙarfinmu yakan ɗauki ɗan ƙwadago, ya tsaya a kansa yana jan sa da hira tun safe har azahar. Mutane suna cewa Malam akwai son mutane, alhali so yake ya tabbata bakin mai tsinkar yalo ba ya tauna. Da yamma kafin ya tashi sai ya karyo reshen zogale ya ja shi a kan hanyoyin lambun ya shafe sawu, da safe ya zo ya sunkuya yana karanta ƙasa. Ya san sawun silifas ɗin rabin garin.

Duk da haka akwai kunya ɗaya a wajen shinge, ta bakin hanya, da yake shuka kuɓewa da alayyafo da dankali, kuma ba ya taɓa ta. Sunanta rabon ɓarawo. Cewarsa, wanda ya cika hannu a waje ba zai tsallaka shinge ba. Kowa a garin ya san masu cin kunyar nan ba ɓarayi ba ne, masu rashi ne. Mama na cikinsu. Ita da mijinta sun zo aikin shinkafa ne daga Filato, mijin ya rasu ya bar ta da yara. Wata shekara da kaka Mama ta kwanta ciwo, Baffa ya duba ƙasa ya duba bai ga sawunta ba. Ya cika kwando ya ɗaure a bayan keke, ya je har ƙofar ɗakinta ya yi sallama yana ɓata rai. Ita ta ba ni labarin a wajen makoki, ta ce ga abin da ya ce mata:

"Ɓarauniyata ta daina zuwa. Na zo in ga ko ta sami lambun da ya fi nawa."

Ya ajiye kwandon ya juya, bai tsaya godiya ba. Haka ya yi ta yi har ta miƙe, kuma duk zuwa sai ya ƙirga kajinta da ido ya ce ɗaya ta yi kama da tasa.

Amma abin da aka san Baffa da shi, daga garinmu har kasuwar Kura, kabewarsa ce. Daga hannun mahaifiyarsa ya gaje ta, tun kafin a yanka gonaki a ja kanal. Ba ta da kyan gani ko kaɗan: 'yar ƙarama ce mai karkataccen wuya, bawonta toka-toka duk ƙuraje. A ciki kuwa launin gwaiduwar ƙwai ce, ga gari ga zaƙi, tana narkewa a miya ba sai an sha wahalar dama ta ba. Bai taɓa sayar da ita guda ba. Yanka-yanka yake yi a kan tire, ya sa cokali ya kankare cikin tas, ya ƙulle 'ya'yan a leda ya cusa a aljihu. In mai saye ta ce a bar mata cikin don kajinta, sai ya tambaye ta tun yaushe kajin suka fara noma.

A wajenmu al'ada ce, abin da aka bari don iri akan ɗaura masa tsumma. Ko mai satar kayan miya yakan tsallake shi, don kowa ya san wanda ya ci iri ya ci shekara mai zuwa. Baffa ya zauna ya yi nasa lissafin, ya ce ai ɓarawon iri tsumman zai nufa kai tsaye. Saboda haka sai ya riƙa shuka kabewar kasuwa a kusa da shinge, manya masu sulɓi, ya ɗaura musu tsummokara ja da fari ana hango su daga hanya. Na gaskiyar kuwa suna can tsakiya a ƙarƙashin yakuwa, ba alama ba komai, suna kwance har su ƙosa. A gidan ni da Inna kaɗai muka san haka. 'Ya'yansa maza tun suna samari suka tsere wa lambun, Yaya ya koma tuƙin mota, ƙaramin ya koma gyaran waya.

A kan kabewar nan ya ɓata da Kawu. Kawu ya roƙi iri, ya sake roƙo, ya biyo ta wajen Inna, har dai wata rana Baffa ya ƙullo masa a takarda ya miƙa masa da fara'a. Fara'ar ce ya kamata ta ba Kawu tsoro. Ya je ya shuka, ya yi ta ban ruwa, shiru. Ya sake shuka ragowar, shiru. Sai ya jefa ɗaya a baki ya ji ƙamshin tanda, ashe soyayye aka ba shi. Ya zo ƙofar gida da la'asar mutane na zaune, ya ce:

"Ka ce ba za ka bayar ba mana. Rowa ai ba ta kai yaudara ciwo ba."

Baffa ko a jikinsa, ya ce da ya hana shi da ya zo sata, shi kuwa ba ya son ya kama surukinsa. Daga ranar Kawu ya ɗauke ƙafa. Inna ta yi wata da watanni tana ajiye masa abinci ba ta ce masa kanzil ba, daga baya ta haƙura, kuma ban ƙara jin ta tada maganar ba. A nan Baffa bai kyauta ba, na kuma faɗa masa yana raye. Ya ce in na girma zan gane, alhali a lokacin ina da 'ya'ya uku.

To, mu koma makoki. A garinmu gidan da aka yi rashi ba ya ɗora tukunya a kwanakin farko, maƙwabta ne ke dafowa. Kashegarin rasuwar kwanuka suka yi ta shigowa, tuwon shinkafa da miyar taushe, daga wannan gida da wancan. Aka matsa mini in ci. Na kai loma ɗaya baki na tsaya, na ji kabewar Baffa a ciki. Na buɗe wani kwanon daga wani gidan na ɗanɗana, ita ce. Na buɗe na uku, ita ce. Da walakin, goro a miya. Na tambayi matar da ke raba abincin inda aka sami kabewa, ta ce ai lambun suka je suka ɗebo kayan miya don kada su lalace, yakuwa da alayyafo da gyaɗa duk daga can ne. Sai ta dafa kafaɗata ta ce:

"Amma ki kwantar da hankalinki, wallahi ba mu taɓa masu tsumma ba. Munanan muka tsinto, waɗanda ba za su sayu ba."

Ban san lokacin da na zari mayafi ba. A lambun na tarar da sawu ko'ina, manya da ƙanana, a kan hanyoyin da ba a shafe ba tun da ya kwanta. Kabewar kasuwa na nan zaune da tsummokaranta, ba wanda ya taɓa. Na kutsa cikin yakuwa ina ɗaga ganye, ba komai sai guntayen kara da aka yanke da wuƙa. Ba a bar ko ɗaya ba. Na dawo gida na shiga ɗakinsa na sauke gorar da yake ajiye iri, na girgiza, babu komai a ciki. Daminar ta yi masa gardama, ruwa ya ɗauke bayan shukar farko, ya sake shuka da abin da ya rage. Ke nan duk abin da ya saura na kabewar kakarmu a duniya shi ne wanda aka yanka jiya, mu kuma muka zauna muka shanye muna yi masa addu'a.

Naman an cinye, amma 'ya'yan ba a sa su a taushe. Bayan sadakar uku na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta ce kaji sun cinye. Ta biyu ta ce yara sun soya. Ta uku ta ce an zuba a juji, ta raka ni jujin ma, muka tarar an share shi ƙal, abin da ban taɓa gani ba a gidan. Matar Kawu kuwa tun kafin in buɗe baki ta fara rantsuwa. A wani gidan na hango faifai a kan rufin kicin an kife shi da wani faifan, na tambaya, aka ce daddawa ce ake shanyawa. Na tsaya a ƙarƙashinsa na shaƙi iska, ban ji warin daddawa ba. Matan nan sun yi shekaru suna sayen yankan kabewar Baffa, da hannunsu suke fere bawon nan mai ƙuraje. A ce a cikinsu babu wadda ta gane shi a lambu? Har Mama na je wa, ta sunkuyar da kai ta ce in yi haƙuri, ba ta ce akwai ba, ba ta ce babu ba. Wannan ya fi duk sauran yi mini ciwo.

Na kai wa Inna ƙara. Tana cikin takaba, a zaune a kan tabarma da carbi, ta saurare ni har na gama, ta ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Na ɗauka baƙin ciki ne ya hana ta fahimtar girman abin, na ƙyale ta.

Bayan arba'in aka raba gado, kuma raɗar dillali ta haihu. Yaya da ƙaninsa suka ba shi hayar wurin. Tarakta ta shigo ta bi ta kan zogale da gwanda da rabon ɓarawo, kafin azahar lambun ya zama fili irin na kowa. Ni 'yar riƙo ce, ba ni da gado ba ni da baki. Na koma Kumbotso ina jin an yi mini rashi biyu, kuma na ɗauke ƙafa daga garin in ban da gaisuwa ta waya.

Sai ƙarshen daminar nan na shirya na je duba Inna. Tun daga inda mota ta sauke ni na fara ganin abin. Yaɗo ya hau katangar gidan farko, ya bi ta kan rufin kicin na biyu, ya leƙo ta danga a na uku. Na matsa na ɗaga ganye, ga karkataccen wuyan nan, ga ƙurajen nan. A gonar Kawu kunya guda ce cur, a bakin hanya, ko kunyar ido babu. A bayan ɗakin Mama ma ga ta nan ta lulluɓe akurkin kaji. Kajin da suka cinye da yaran da suka soya duk sun yi amai a gonakin iyayen gidansu. Na isa gida na tarar da Inna tana tsince wake a tsakar gida. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce:

"Inna, kin ga ɓarayin nan? Har da rantsuwa suka yi mini, ga ta can a kan katangar kowa."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ba su yi sata ba. Ni na aike su."

Na ce to ai ruɗewar mutuwa ce, ta manta ba ta gaya musu zancen tsumman ba. Ta ture faifan gefe ta dube ni.

"Ban manta ba. Cewa na yi su bar masu tsumma, su shiga ƙarƙashin yakuwa su kwaso duka. Na ce kowace ta wanke 'ya'yan ta shanya ta ɓoye, kuma in kin zo tambaya kada a ba ki."

"Ni, Inna?"

"Ke. Yayyenki tun Malam yana kwance suke waya da mai tumatir, ina jin su. Ke kuma da kin karɓa a gora za ki zuba, ki rataye a ɗakin hayarki inda ko tafin hannu na ƙasa babu sai siminti, ki hana kowa yadda ya koya miki, har ƙwari su gama da su."

Na ce ai ni ce 'yarsa a lambun nan, ni ya yarda da ni, da ya sami sararin yin wasiyya ni zai bar wa. Inna ta jawo faifan waken gabanta. Sannan ta ce, a hankali, ba da faɗa ba:

"'Yar nan, tun da kika yi aure duk kaka yake aika miki da kabewar nan. Ya taɓa aiko miki da guda ba a kankare cikinta ba?"

Na tsaya ina neman shekara ɗaya da zan kawo mata, na bi su duka tun daga ta farko. Bai taɓa ba. Na zauna a ƙasa kusa da faifan waken, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi, Inna kuwa ta ci gaba da tsintarta ba ta hana ni ba.

Haka Baffa yake, haka na san shi, kuma da za a dawo mini da shi da halinsa duka zan karɓa da hannu biyu. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya yafe masa zatonsa, Ya yafe mana namu. Allah Ya rubuta masa ladan kowace tukunyar da kabewar nan ta shiga a garinmu, duk da na san da za a tambaye shi ba zai yarda ba.